Furen da ya san rani: darasin da bakin katangar gidanmu ya koya mini a Aouda

Wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Lome ta nufi Dapaong a watan Agusta zai ɗauka duk abin da aka soka a ƙasar nan sai ya kama. Daga Sotouboua zuwa Aouda har ka shiga Sokode, ko'ina kore shar, doya ta yi yaɗo, masara ta fi mutum tsawo. To amma ka dawo a watan Maris ka gani. Hunturu ya wuce ya bar ƙura, gobarar daji ta lashe ciyawa, rijiyoyi sun ja baya, rana tana dukan katanga har mutum ba ya iya jingina da ita. Ni dai ban san nauyin wannan bambanci ba sai da ya ci mini jaka 18 na sefa, ya haɗa da akuyar maƙwabciyarmu.

Gidanmu na Aouda yana da katangar bulo mai tsawon kusan mita 12, tana kallon kudu, babu bishiya ko ɗaya a gabanta. Shekarar da za a aurar da ƙanwata na ƙudurta sai na ƙawata wurin kafin baƙi su zo. Wata hidima ta kai ni Kpalime, na tsaya a bakin hanya wurin wani mai sayar da dashe, na ga furanni kamar an zuba musu fenti. Na ɗebi wardi, na ɗebi wasu masu faɗin ganye da ko sunansu ban tambaya ba, na ƙara da guda biyu na wanda ake kira loriye-roz da Faransanci. Na tambaye shi ko za su yi a wajenmu, ya ce mini, "Alhaji, ai ko'ina suna yi." Ban je Makka ba, amma na ji daɗin sunan, na biya ban ko taya ba.

Na dasa su a ƙarshen Satumba. Biki ya zo ya wuce, an yi ta ɗaukar hoto a gabansu, ni kuma ina ta hura hanci. Da Janairu ya kama, yara ne ke jigilar jarkoki daga famfo safe da yamma, kuma kowace jarka da kuɗinta. Wata rana Inna ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, baƙin nan naka sun fi mu shan ruwa, kuma ba sa ko gaisuwa." Kafin ƙarshen Maris wardi ya bushe ƙayau, masu faɗin ganye sun ƙone kamar an bi su da wuta. Loriye-roz kaɗai ya tsira. Na yi masa aski don ya ƙara kyau, na watsar da rassan a bayan gida. Washegari da safe akuyar maƙwabciyarmu tana kwance a mace, ga ragowar ganyen a gefenta.

Likitan dabbobi ne ya yi mini bayani. Ganyen loriye-roz, ɗanye ko busasshe, yana da dafin da ke rikita bugun zuciya, kuma kaɗan ya isa ya kashe akuya ko tunkiya. Ba a ƙona shi a murhu, ba a tsire nama da itacensa. Na je na durƙusa gaban tsohuwar nan na ba ta haƙuri, na biya kuɗin akuya. Ta ce, "Ba komai, ɗana, kwananta ne ya ƙare." Amma na san da ita take tanadin kuɗin lakwal na jikanta. A ranar na tumɓuke loriye-roz ɗin duka biyu, na haƙa rami mai zurfi na binne.

Abin da Goggo ta ce a Dapaong

A watan Afrilu na je Dapaong gaishe da Goggo. Wanda ya san garin ya san abin da Afrilu ke nufi a can: zafi kan taɓa digiri 40, ruwan saman shekara bai cika wuce milimita 1,000 da yawa ba, alhali a yankin Sokode yakan haura 1,200, damina kuma ta fi tamu gajarta. Duk da haka na tarar da ƙofar gidanta kamar ana biki. Buganbil ja ya hau kan zaure, wata kariya mai kaurin gindi ta cika da fure ruwan hoda ba ganye ko ɗaya a jikinta, lalle kuma yana can gefe yana jiran ruwan farko.

Na ba ta labarina. Ta yi dariya har da hawaye, sai da na zo kan akuya ta yi salati. Sannan ta ce, "Kai ma dai! Wa ya ce maka ana zaɓen fure da damina? Da damina ai kowa mai kyau ne. Ka zagaya gari a watan da ruwa ya fi tsada, wanda ka ga yana dariya a gidan da ba mai kula da shi, shi ne naka."

Maganar nan ita ce duk abin da nake son faɗa a rubutun nan. Kpalime tana gindin duwatsu, kusa da dutsen Agou wanda ya fi kowane tsawo a Togo, akwai sanyi da laima, kudancin ƙasar kuma damina biyu yake samu a shekara. Mu a nan damina ɗaya ce, daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, sai wata biyar ko fiye na fari. Tsiron da ya tashi a inuwar Kpalime, aka kawo shi gaban katangar bulo a Aouda, an kawo shi ne wurin da ba a halicce shi dominsa ba.

Tambayoyi uku kafin a ciro kuɗi

Da farko, a rarrabe tsakanin tsiro ɗan shekara guda da mai dogon rai. Ɗan shekara guda kamar gero yake, ya tsiro, ya yi fure, ya zubar da iri, ya mutu. Mai dogon rai kamar lalle yake, ka dasa sau ɗaya, jikokinka su tarar da shi. Don haka tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: wannan zai kai baɗi? Idan ya fara kame-kame, ka tambaye shi a wane gida na garin nan zan je in ga wanda ya shekara uku.

Ta biyu, ina yake ajiye ruwansa? Masu jure rani kusan dukkansu suna da ma'aji: kaurin gindi kamar kariya, ganye mai kitse kamar zabuwa, albasa ko saiwa mai kauri a ƙarƙashin ƙasa, ko jijiya mai nisa kamar buganbil. Wanda ka ga ganyensa faɗi, laushi, siriri kamar takarda, ka san jarka zai riƙa nema kullum.

Ta uku, wa zai iya kai bakinsa wurin? A unguwanninmu awaki da tumaki suna yawo, ragon layya yakan yi makonni a ɗaure a tsakar gida, yara masu rarrafe kuma komai suka samu sai baki. Tsire-tsire da yawa da ke jure rani da dafi suke kare kansu. Sai a san wanne ne, a san inda za a sa shi.

Akwai kuma maganar katangar kanta. Muna kusan digiri 9 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana ɗan karkata ta arewa, sauran watannin kuma ta kudu take bi. Ke nan katangar da ke kallon kudu, irin tamu, ita ke shan rana a duk tsawon rani, daidai lokacin da babu ruwa. Mai kallon yamma ita ke karɓar zafin azahar zuwa la'asar, bulo ya riƙe shi har bayan magariba. Mai kallon gabas ta fi sauƙi, don hantsi kawai take sha. Ka tsaya da ƙafarka ka lura da wurin kwana biyu kafin ka yanke shawara.

Waɗanda suka zauna da ni

Buganbil shi ne babban yaya. Asalinsa Kudancin Amurka ne, kuma sunan wani matuƙin jirgin ruwan Faransa, Bougainville, ya ci, wanda ayarinsa ya ci karo da shi a Birazil a shekarun 1760. Abin da muke gani ja ko ruwan goro ko fari, ganye ne da ya rikiɗe, furen gaskiya ɗan ƙarami ne fari a tsakiya. Halinsa abin mamaki ne: idan ka cika masa ruwa da taki sai ya yi ta ganye ya ƙi launi, idan ka bar shi ya ɗan ji ƙishi sai ya ɓarke. Yana da ƙaya, don haka a nisanta shi da hanyar da ake bi da dare zuwa masallaci.

Lalle namu ne tun kakanni, sai dai mun mai da shi abin ƙunshi kawai mun manta yana fure. Furensa ƙanana ne, fari-fari, amma ƙanshinsa da yamma yana cika tsakar gida. Yana jure aski, yana yin shinge, kuma matan gida sun daina sayen lallen Sallah a kasuwa. A cikin duk abin da na dasa, shi kaɗai Inna ta yi wa addu'a tun ranar farko.

Kariya, wadda Turawa ke kira wardin hamada, 'yar ƙasar Sahel ce. Da rani take zubar da ganye ta fito da fure, wato a lokacin da komai ya yi fari fat ita take kwalliya. Abu biyu za a kiyaye. Ruwan jikinta dafi ne, har maharban wasu ƙasashe sun yi amfani da shi a kan kibiya, saboda haka a wanke hannu bayan an yanke ta, kada a jefar da reshenta inda dabba za ta samu. Sannan abin da ke kashe ta a wajenmu shi ne ruwan Agusta da Satumba idan ya kwanta a gindinta. A Dapaong tana zama a fili ba damuwa, a Aouda sai an yi mata tudu da yashi da tsakuwa.

Zabuwa, wato irin alowe ɗin nan na dajinmu, tana fitar da dogon kara mai furanni tsakanin rawaya da ja, tsuntsaye masu shan zaƙin fure suna son ta. Sunan da masana suka ba ta, Aloe buettneri, daga ƙasarmu ya samo asali: na Richard Büttner ne, Bajamushe masanin tsirrai da ya riƙe tashar Bismarckburg a ƙasar Adele, yamma da Blitta, a 1890 zuwa 1891. Abin da muke takawa a hanyar gona, su sun ɗauke shi sun kai Turai sun raɗa masa suna.

Rawaya kuwa, mutane da yawa sun san launin amma ba su san tsiron da ya ba launin suna ba. Ita ce wadda bayan gobarar daji, wajen Janairu zuwa Maris, za ka ga furanni manya masu haske sun fito a kan baƙar ƙasa kai tsaye, babu kara babu ganye. Saiwarta ce ke riƙe da ita, kuma da saiwar ake rini, ana kuma daka ta a sa a miya. Na haƙo guda huɗu a gonar kawuna lokacin sharar gona, biyu suka kama. A nan zan ja kunne: a ɗauko daga gonar da za a nome, da izinin mai ita. Gandun dajin Fazao-Malfakassa da ke yamma da mu wuri ne da doka ta kare, ba a shiga a haƙi komai.

Albasar kwaɗi tana kwana a ƙarƙashin ƙasa duk rani kamar ba ta nan. Ruwan farko na sauka sai ta ɓullo da manyan furanni farare masu jan layi a tsakiya. Yaran gidanmu sun mai da ita agogon damina. Ba albasar miya ba ce, tana da dafi, a gaya wa yara da masu girki.

A sahun gaba na sa wadda masu sayarwa ke kira pervenche, 'yar gajeriya mai fure fari ko ruwan hoda, 'yar asalin Madagaska. Kusan duk shekara tana fure, idan uwar ta tsufa 'ya'yanta sun riga sun tsiro a gindinta. Daga jikinta masana suka samo magungunan vinblastine da vincristine da ake yaƙar wasu nau'o'in sankara da su, har da sankarar jini ta yara. Amma wannan aikin ɗakin bincike ne. Kada wani ya ji haka ya dafa ganyenta ya sha, guba ce.

Wanda yake da rijiya a gida zai iya ƙarawa da hibiskus mai manyan jajayen furanni, ɗan uwan yakuwa da rama. Yana da kyau ƙwarai, sai dai da rani yana son ruwa a kai a kai, awaki kuma suna son sa kamar dusa. Ni guda ɗaya na ajiye, kusa da wurin alwala. Lantana kuwa, duk da launukanta da juriyarta, na ƙi ta: tana lalata hantar dabbobin da suka ci ta, tsuntsaye kuma suna yaɗa irinta har ta mamaye wurin kiwo.

Yadda na jera su, da lokacin dashe

Kamar sahun hoton biki na yi, dogaye a baya, gajeru a gaba. Na ja kunya mai faɗin mita ɗaya da rabi, na ɗaga ta kamar taƙi guda sama da ƙasa. A baya buganbil uku da lalle, tazarar mita 2 tsakanin kowanne, na bar rabin mita tsakaninsu da katanga don zafin bulo da kuma tushen gini. A tsakiya kariya da zabuwa. A gaba pervenche, da rawaya da albasar kwaɗi a tsakaninsu, na kafa 'yan duwatsu a kansu don kada a tone su lokacin da suke barci. Da wannan jeri babu watan da katangar take zama ba launi: buganbil da kariya da rawaya su riƙe rani, albasar kwaɗi ta buɗe damina, lalle ya kawo ƙanshi, pervenche ta cike gibi.

Kuskurena na farko mafi girma shi ne dashen Satumba. Tsiro yana bukatar damina guda cur ya kafa jijiya kafin hunturu ya same shi. Tun 1977 ƙasarmu ta ware ranar 1 ga Yuni a matsayin ranar dashen bishiya, kuma wannan lokacin ya dace da mu a yankin Sokode, don ruwa ya zauna. Mutanen Dapaong su ɗan jira sai ƙasa ta jiƙa sosai, ko da zuwa ƙarshen Yuni ne ko farkon Yuli.

A karo na biyu ban kashe ko jaka 2 ba, don kusan komai roƙo na yi. Reshen buganbil da na lalle, wanda ya ƙosa, tsawon taƙi ɗaya zuwa biyu, a soka shi a ledar ruwan sha da aka cika da ƙasa da yashi aka huda ƙasanta, a ajiye a inuwa har ya yi sabon ganye. Reshen kariya a bar shi kwana huɗu ko biyar a inuwa bakin yankan ya bushe, in ba haka ba ruɓewa zai yi. Albasar kwaɗi tana haifar 'ya'ya a gindi, raba su kawai ake yi. Taki kuma sai wanda ya ruɓe ya yi baƙi. Ɗanyen kashin shanu yana ƙona jijiya, yana kuma gayyato gara. Ni nakan barbaɗa toka kaɗan, in rufe gindin da ganyen dogon yaro, ba tare da ya taɓa jikin tsiron ba.

Saura ruwa, wanda shi ne asalin rigimar. Dabara biyu suka raba ni da jarkoki. Na farko, na mayar da wurin alwala kusa da kunyar, na yi ɗan magudana. Gida mai mutum goma, salla biyar a rana, ka lissafa butoci nawa ke zuba a ƙasa a banza. Ruwan wankin shinkafa da na kayan miya ma nan yake zuwa, amma ban da mai omo ko gishiri. Na biyu, na binne tsofaffin tuluna uku na ƙasa har wuya a tsakanin tsire-tsiren, a cika su a rufe bakin da murfi saboda sauro. Ruwan yana tsatsowa a hankali kai tsaye wurin jijiya, rana ba ta shanye shi. A shekarar farko na riƙa cika su sau biyu a mako. Yanzu da suka kafu, buganbil da kariya ko kallon tulu ba sa yi.

Shinge kuwa wajibi ne. Na kewaye kunyar da waya da sanduna, tsayin ƙugu. Duk abin da na aske, ina tattara shi a buhu in binne da hannuna. Wannan aikin ba na aiken yaro.

Wani zai ce, a wannan tsadar rayuwa wa ke ta fure? Tambayar tana da hujja, kuma shi ya sa na ce furen da zai ci ruwan shan yara bai cancanci zama a gidan talaka ba. Amma kakanninmu da suka bi hanyar fataucin goro daga Kano zuwa Gwanja suka yada zango a garuruwan nan, inda suka zauna sukan kafa lalle da bishiyar inuwa, alamar sun zo zama ne. Malamanmu kuma kullum suna tuna mana ladan shuka da tsuntsu ko dabba za su amfana da ita. Ƙofar gida mai tsabta da launi tana faɗa wa maƙwabta, ko da yarenmu ba ɗaya ba, cewa mu ma 'yan garin ne.

Bana a watan Maris, tsohuwar nan mai akuya ta tsaya a bakin shingen tana kallon kariya. Ta ce, "Ɗana, wannan ma tana kisa?" Na ce, "Tana yi, Iya, shi ya sa na ɗaure ta a cikin waya." Ta yi dariya, ta ce to in yanko mata lalle, shi ta sani. Na soka mata rassa uku a leda, suna inuwar zaure suna jiran 1 ga Yuni. Allah Ya kai mu da rai da lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.